Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Gidan Chindo, ta Dogarawa
4 ga Oktoba, 1976

Zuwa ga taubashina kuma bawana Mutari, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Zalika da ɗiya duka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar maigida da ke kumbura in ya daɗe tsaye. An gama girbin gero, wake ya rage. Takardar ga da hannuna na rubuta ta, ban sa kowa ba. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, shekara hamsin na yi duniya kafin in riƙe bik.

Bayan gaisuwa. Ranar kasuwa jandarma biyu sunka zo wurin maigari tare da wani Anasara mai jan wuya. Sun ce ran Asabar 13 ga watan gobe za a yi tseren motoci. Za su tashi daga Konni, su biyo ta Dogarawa, su ratsa garinmu, su wuce Tajaye har Illela, ran Lahadi su komo. Wai tsofaffin motoci ne na tun kafin mulkin kai, masu su sunka gyara su don nishaɗi. Ni ban ga nishaɗi ba a ɗauki abin da ya tsufa a ce sai ya yi gudu, amma wannan ba ruwana.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, Mati direban motar kasuwa ya ce ya ga yaron ga namu can garajinsu, kwance ƙarƙashin wata baƙar mota, kuma wai shi za ya tuƙa ta. A bakin masallaci ya faɗi haka, gaban ubansa.

Mutari, kai ka ɗauke yaron ga daga nan shekara huɗu ke nan, lokacin yunwa, ba da yardar ubansa ba. Kai ka kai shi garajin. Tun ranar bai sake taka garin ga ba. Rigar da ya aiko bara tana cikin adaka, uban ko warware ta bai yi ba. To da Mati ya gama surutunsa, maigida ya ce, kowa na ji: in yaron ya wuce ƙofar gidana cikin motar nan bai sauko ba, ya yi ta tafiya, ba ni da ɗa a Yamai. Ka san halin mutumin. Maganar da ya faɗa gaban jama'a, ko tana cinsa ba ya janye ta.

Ka gaya mini in gaskiya ne. In gaskiya ne, ka ce mishi ya tsaya. Ba na neman ya kwana. Ya sauko, ya durƙusa ƙofar gida, ya sha ruwa, ya tafi. Kuma ka duba mini, motar da ta girme shi, tana da burki kuwa?

Ni ce uwargijiyarka,
Tsahara

Gidan Chindo
18 ga Oktoba

Mutari,

Ina gaishe ka, in kana da rai. In ka mutu, Zalika ta sa a rubuto mini in san inda nake.

Kwana goma sha huɗu ke nan. Kasuwa biyu ina zuwa tasha ina tsayawa kamar mai jiran baƙo, Mati yana cewa babu. Kai da ke zaune buro, takarda gabanka, bik a aljihu, layi uku sun gagare ka?

Garin ga ba a maganar komi sai tsere. Maigari ya sa an share hanya, kamar motocin za su duba tsabta. Asabe maƙwabciyata ta jiƙa waken ƙosai a ranta tun yanzu. Duk wanda ya gamu da ni sai ya ce, uwar direba, barka. Ni kuwa in na rufe ido sai in ga baƙar motar nan ƙafafunta sama.

Maigida ba ya cin tuwo sai rabi. Jiya yana alwala ya ce, bawan nan naki bai amsa ba? Na ce bai amsa ba. Ya ce dama. Kalmar ke nan, dama, ya shiga masallaci. Ka ga abin da shirunka ke jawo mini.

Tsahara

Yamai
22 ga Oktoba, 1976

Zuwa ga Tsahara, mai kiran kanta uwargijiyata.

Ina da rai. Na gaishe ki, na gaida Labo, Allah ya sawwaƙe ƙafar. Zalika ta yi mura ta warke, ɗiya suna lakwal suna karatu. Takardunki biyu rana ɗaya sunka iso. Ta farkon tana warin albasa, don Mati ya mance ta ƙarƙashin kujera, ta je Maraɗi sau biyu ta komo. Zagin da ke cikin ta biyun ki raba mu da shi.

Na bi takardunki daga sama har ƙasa ina neman sunan yaron, ban gani ba. Na san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ko duban idonsa gaban mutane, haka munka tarar. Ashe bik ma kunya yake ji? Bari in rubuta miki shi: Dauda. Dauda lafiyarsa lau, har ya aje gemu.

Mati bai yi ƙarya ba. Motar ta maigidansa ce, Anasaran da ke da garajin. Kaji ke ƙwai cikinta lokacin da Dauda ya fara taɓa ta, shekara biyu yana gyaranta ƙusa bayan ƙusa. Maigidan ya karye a hannu, shi ya sa Dauda za ya tuƙa, shi kuma ya zauna gefe yana nuna hanya. Lambarsu goma sha huɗu. Zancen burki, na shiga motar da kaina. Ta fi bakinki saurin tsayawa.

Ga yadda tseren yake. Ba tare suke tashi ba, ɗaya bayan ɗaya ne, minti biyar tsakani. Kowace mota da katinta. A wasu garuruwa ana kafa tebur, mutum ɗaya na duba agogo, ɗaya na rubuta lokacin isowa a katin. Ɗaya daga teburan nan gindin tsamiyar kasuwarku za a kafa shi. Kowace mota dole ta tsaya garinku, ta Dauda ma haka.

Amma tsayawar ta minti ɗaya ce. Ba a kashe mota, ba a sauka. Ana miƙo musu kati su tashi, in ba a miƙo ba ba su tashi. Gidanku kuwa yana can bayan masallaci. Maigidan ya yi wa Dauda alkawari, in sunka shiga cikin ukun farko shi za ya zama babban ma'aikatan garajin. Shekara huɗu yana kwana da baƙin mai a hannu don irin wannan rana.

Akwai kuma abin da ya faɗa mini, ki riƙe shi ke kaɗai. Ya ce gara ya wuce a ce gaggawa ce, da ya durƙusa gaban gari duka Baba ya juya mishi ƙeya. Tsoro yake ji, Tsahara. Ki lallashi Labo ya bar maganar ƙofar gida. In tsere ya wuce zan ga yadda zan turo shi.

Naki, wanda ba bawan kowa ba,
Mutari

Gidan Chindo
1 ga Nuwamba

Mutari,

Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ka ci fiye da haka ba.

Wane irin mutum ne ke rubutu a bayan takarda? A ajinmu na yaƙi da jahilci malaminmu Mushe Tanimun bai taɓa sa mu haka ba. In shafi ya cika, a ɗauki wani. Na zauna da takardarka bayan la'asar ina bi da yatsa, har na kai ƙasa, inda ka ce kowace mota dole ta tsaya garinmu, tasa ma haka. Na ninke ta, na tafi zaure na gaya wa maigida yaron za ya tsaya. Da gari ya waye sai na ga ya sa an kwaɓa ƙasa ana yaɓen zaure. Ya fiddo rigar nan daga adaka ya shanya, wai don kada asu ya ci ta. Kwana uku ina yawo da farin ciki. Ran na huɗu na kai wa Mushe takardar don ya ga na karanta ta ni kaɗai, sai ya juya ta.

Yanzu ka ce in lallashe shi. Da wane baki? Na kasa faɗa mishi, amma ya sani. Shekaranjiya ya tare Mushe yana ta tambayarsa, ta ina za su shigo, da wane lokaci, minti nawa tsakanin mota da mota. Da ya komo gida rigar ta koma adaka. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ga wani labari kuma. Masu tseren sun ba Mushe agogo, shi ne mai duban lokaci a teburin garinmu, sun ce ya nemo mai rubutawa. Ajinmu maza goma sha ɗaya ne da mata huɗu, ya ce duk ba mai lamba mai kyau kamar tawa, don bakwai ɗina ba ta kama da ɗaya. Na nemi izinin maigida, ya ce tsohuwa kamarki wa za ya hana ki zama gindin tsamiya. Kullum yanzu Mushe na faɗin lokaci ina rubutawa, har na cika rabin littafi.

Ka ga ke nan katin yaron ga ta hannuna za ya bi. Ka ce mota ba ta tashi sai an miƙa kati. Shi ma a baya ka rubuta shi, amma na karanta shi sau uku.

Tsahara

Yamai
7 ga Nuwamba

Tsahara,

Muna lafiya, a gaida Labo. A gaban takarda kawai na rubuta, ba sai kin juya ba.

Kada ki riƙe katin nan. Na san ki tun ranar da kika binne takalmina cikin rumbu don kada in koma lakwal a garin Tawa. In kin zauna kan katin har a kira Labo, alkawarin garaji ya tafi, wannan ɗaya. Na biyu, za ki jawo ɗa gaban ubansa kamar akuya da igiya, gari na kallo. Shi ba za ya ce ya zo da kansa ba, Labo ba za ya ce an zo mishi ba. Ki rasa duka biyu.

Na gaya wa Dauda ke ce a teburin. Ya ce, to Kawu, yaya ake gaida wadda ba za ta dube ka ba? Na ce ya gaishe ki kawai, kunnenki ba ya kunya.

Ki rubuta lokaci, ki miƙa kati. Na roƙe ki, uwargijiyata. Kin ga har na faɗa.

Mutari

Gidan Chindo
Litinin, 15 ga Nuwamba

Zuwa ga bawana Mutari, wanda ya amsa sunansa.

Gaisuwa gare ka da Zalika da ɗiya. Muna lafiya, ban da ƙafar maigida da ta yi kamar turmi. Takardarka ta gargaɗi yau da safe Mati ya kawo ta, tsere kuwa jiya ya ƙare. Na gode da shawara.

Yaron ba mai magana ba ne, na san rabi za ya ba ka, don haka ka saurara.

Ran Asabar tun asuba maigida ya fita bai ce inda za shi ba. Na nemi jan zanena da zan yafa, ban gan shi ba. Na ce a raina ya tafi gona don kada ya gani, na yafa wani na fita.

Ban taɓa ganin mutane haka garin ga ba, ko ran salla. Har daga Malbaza an zo, wasu bisa jakuna, wasu cike da amalanke. Samari sun hau tsamiya, sai ganye ke zubo mini kan tebur. An jera masu tuta bakin kasuwa suna kora mutane baya, mutane na komowa. Ni an ɗaura mini farin ƙyalle a damtse. Ƙosan Asabe ya ƙare kafin mota ta uku.

Motocin kuwa, wata kamar buzuzu, wata doguwa kamar makara. Akwai wadda ba ta da rufi, wata tsohuwar Anasara ke tuƙa ta da tabarau kamar na kwaɗo, mata sunka yi ta rangaɗa mata guɗa, ita tana ɗaga hannu. Wani Alhaji na Konni ya zo da tasa, ya tsaya gaida maigari har na bayansa ya cim mishi. Ta takwas shanun noma sunka jawo ta zuwa tebur, direban na dariya. Na ga dai akwai nishaɗin, ba zan ɓoye ba. Kuma ban ɓata lamba ko ɗaya ba.

Ina rubuta ta goma sai ga Mariyamu matar Gidaɗo makiyayi, ƙwaryar nono a kai, ranta a ɓace. Ta ce, “Tsahara, mijinki lafiya yake?”

Na ce me ya yi.

Ta ce, “Yana can burtali tun fitowar rana. Ya yaga jan zane ya ɗaura a sanda, ya tare shanun ruga uku. In mota ta wuce ya saki goma, ya sake tarewa. Rana ta yi, rabinsu ba su sha ruwa ba. Gidaɗo ya ce mishi jandarma ba su ce a tsare nan ba, ya ce jandarma da la'asar sunka zo duba hanya, ba su san da hantsi shanu ke gangarowa rijiya ba.”

Ka tuna burtalin, Mutari. Yana bayan kwanar tudun nan ta wajen Dogarawa, mai tahowa ba ya ganinsa sai ya hau kansa. Masu tsere ba su sa kowa wurin ba. Abin da mutumin ke ta tambayar Mushe ke nan. Ba za ya zo gindin tsamiya a ga yana leƙen ɗansa ba, sai ya tafi can da gurguwar ƙafa da zanena.

Gaskiya zan faɗa maka, na yi niyyar riƙe katin. Har na shirya zama kansa. Amma wa za a kira? Yana can, yaron kuma za ya wuce shi cikin ƙura bai san ko wane ne ba.

Sai ga goma sha huɗu. Ta tsaya gabana tana rawa kamar mai zazzaɓi. Na ji an ce, “Inna, ina kwana?” Gari duka ana dubana. Na dubi agogon Mushe. Mushe ya ce ƙarfe goma da arba'in da biyu, na rubuta. Sannan na juya katin. Kai ka koya mini takarda tana da baya. Na rubuta: Mai jan ƙyalle a burtali ubanka ne. Tun asuba.

A lamba nake da sauri, a baƙaƙe ba ni da shi. Anasaran na ta bugun ƙofa da hannunsa mai lafiya, Mushe na raɗa mini, Goggo minti biyu, Goggo minti uku. Na gama na miƙa wa Anasaran. Na ce wa Mushe, “Ka ce wa mai lamba goma sha huɗu ya bi a hankali.” Mutane sunka fashe da dariya, motar ta tashi.

Da magariba maigida ya shigo yana jan ƙafa, ya ce wake ya je dubawa. Na ɗora mishi ruwan zafi. Ban tambayi zane ba.

Ran Lahadi ya sake fita da asuba. Motoci sunka fara komowa ta wajen Tajaye, goma sha huɗu ce ta biyu da ta iso tebur. Mushe ya ce duk da minti ukun da na ci musu suna cikin na gaba. Wannan karon yaron bai gaishe ni ba. Ya miƙo hannu ya amshi katin da kansa, ya tafi. Na ce shi ke nan, ya yi fushi, ko bai juya katin ba.

Sauran Gidaɗo da Mariyamu sunka ba ni. Ya kai burtali ya kauce gefe ya kashe mota. Ya cire hular ƙarfe, ya cire takalmi, ya je ya durƙusa. Uban bai dube shi ba. Ya ce wa Gidaɗo, “Ka gaya wa direban nan wasu na tafe bayansa.” Gidaɗo ya ce, “Kusa da kai yake, gaya mishi da kanka.” Mota ɗaya ta wuce, yaron na durƙushe. Ta biyu ta wuce. Anasaran ya yi ta magana da harshensu har ya gaji, ya sauko, Mariyamu ta ba shi nono.

Can maigida ya ce, yana duban shanu, “Kun zo lafiya?” Daga nan fa ba wanda ya tsallake. Ya tambayi lafiyarka, ta Zalika, ta ɗiyanku ɗaya bayan ɗaya, ta hannun Anasaran. Da ya gama sai ya miƙa wa yaron sandar ya ce, “Riƙe, ƙafata ta gaji.” Ya je gindin aduwa ya zauna. Ɗanka direban tsere shi ya tsare shanun Gidaɗo ba takalmi, yana ɗaga jan zanena, har mota ta ƙarshe ta wuce, wadda shanu sunka jawo ran Asabar.

Sannan ya sa uban gaban mota, Anasaran a baya da ƙwarya a cinya, ya juyo gari da tafiyar jaki. Ya tsaya ƙofar gida, ya sauko, ya durƙusa, ya sha ruwa. Asabe ta kai ruwan, ni ina cikin ɗaki ina leƙe ta tsagar ƙofa. Gemun bai yi mishi kyau ba, ka gaya mishi. Daga nan sunka kama hanyar Konni.

Kana tsammanin na huta? Da la'asar ina jin muryar maigida bakin masallaci. Wai yaron shi ne na biyu, da bai tsaya ba da ya cinye, motar tasa ta fi duka lafiya, shi ya ji kukansu ɗaya bayan ɗaya kwana biyu. Wai wa ya ce mishi ya tsaya tsakiyar aiki? Ya shigo gida yana tambayata wane mai dogon baki ya faɗa wa yaron yana burtali. Na ce ni tun da ya zo ka ji na yi mishi magana? Ya ce a'a. Na ce to.

Ka rubuto mini maza ko an kore shi aiki. Kada ka ba Mati.

Tsahara

Yamai
21 ga Nuwamba

Tsahara,

Muna lafiya, mun gode Allah. Takardar ga na ba wani ɗan jandarma mai zuwa Konni, in ta makara ki je ki zage shi in kin isa.

Ba a kore shi ba. Maigidan bai yi mishi magana ba daga Konni har Dogon Dutsi, sannan ya tambaye shi me aka rubuta bayan katin. Da ya ji, ya ce da saniya ɗaya ta shigo kwanar nan ran Asabar da yanzu ba a maganar na biyu ko na ƙarshe. Amma alkawari na ukun farko ne, su kuwa na ƙarshe sunka zo. Wani aka naɗa babban ma'aikata. Dauda ya ji zafin abin, ba zan rufe ki ba, kwana biyu bai ci kirki ba. Alƙalan tseren ma sun so su rage musu matsayi don an yi rubutu inda ba a yi, sai sunka duba ba sauran matsayin da za a rage.

Katin yana aljihunsa, ya hana su. Ya ce a Illela ya juya shi, yana wanke hannu Anasaran ya miƙo mishi yana tambaya ko wata doka ce. Ya ce tun da aka haife shi ba ki taɓa faɗa mishi magana mai tsawon wannan ba.

Za ya zo Babbar Salla, kwana biyar aka ba shi. Kafin nan yana son takarda daga gare ki, tasa ta kansa, ba ta bakina ba. Ga inda na kama ki, uwargijiya. Dole a rubuta suna bayan ambulan. Yamai akwai yaron ga fiye da dubu.

Mutari

Gidan Chindo
26 ga Nuwamba

Mutari,

Gaisuwa gare ku duka. Ƙafar ta sace, alhamdu lillahi. Zancen matsayin garaji ya tsaya mini a rai. Na faɗa wa uban, ya tashi ya fiddo rigar ya kai wa mai wanki. Ita za ya sa ran salla.

Wata damuwar kuma, ya ƙi rabuwa da sandar. Duk ranar kasuwa sai ya tafi burtali ya tsare shanu don motar Mati, motar da akuya ke wuce ta. Gidaɗo ya kawo ƙara wurina sau biyu. Zanena dai ya tafi. Kai ka jawo duk wannan tun farko, don haka ka ba yaron wani zanen ya taho mini da shi, ja, ba mai fure ba.

Ba ka kama ni ba. Takardarsa na cikin wannan, na liƙe ta, kada ka buɗe. Gaba da baya na cika ta. Ka duba bayan ambulan, na rubuta: Mai lamba goma sha huɗu, ta hannun Mutari. Garin ga duka haka ake kiransa yanzu, Sha-huɗu. Jiya uban ya faɗe shi sau uku bakin masallaci, da ƙarfi, ba wanda ya tambaye shi.

In Sha-huɗu bai gane takardar tasa ce ba, ka maido mini abina.

Uwargijiyarka,
Tsahara